Ranar Auren Jika: Ina Muka Ajiye Kakanni?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake tsawaita kwanan wanda Ya so daga cikin bayinSa har ya ga 'ya'yan 'ya'yansa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako mun ɗan jingine bayanin da muke yi a kan zakkar dukiyar ciniki, domin mu ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu. Laifin da ke cikin labarin namu ne, ba na kowa ba. Mun daɗe muna shawara ko mu rubuta ko mu bari, daga baya muka ga wanda yake hawa mumbari yana gyara wa mutane, shi ya fi cancanta ya fara faɗin nasa kuskure, ko Allah Ya sa wani ya tsira daga irinsa.

Tsohon da ya yi ta ƙirga kwanaki

A watan Shawwal da ya wuce Allah Ya nufe mu da aurar da babbar 'yarmu. Mahaifinmu yana raye, shekarunsa sun haura tamanin. Tsohon bafatake ne, ya ci ƙuruciyarsa a fataucin goro tsakanin Shagamu da Kano, ya yi aure tun ana kashe fam da sule, kafin a sauya kuɗi zuwa naira a 1973. Yanzu yana zaune a ƙauyenmu, idonsa ya yi rauni, ba ya tashi sai da sanda, amma hankalinsa garau yake.

A gidansa aka yaye yarinyar, kamar yadda Hausawa suka saba kai yaye wurin kaka, ba ta kuwa dawo hannunmu ba sai da ta isa shiga makaranta. Shi ya rubuta mata allonta na fari. Sunan mahaifiyarmu ta ci, Allah Ya jiƙanta, saboda haka duk gida ake ce mata Ummi, ba mai kama sunanta na yanka. Shi kuwa tsohon matarsa yake ce mata, irin wasan nan na kaka da jika. In ta je gaishe shi sai ya ce ina tuwonsa, ita kuma ta ce ba ta auren mai furfura.

Tun ranar da aka sa rana ya shiga ƙirga kwanaki. Ya sa aka ɗinka masa sabuwar riga, alhali ya yi shekaru yana cewa tsofaffin rigunansa sun ishe shi har kabari. Ya sayar da tunkiya ya saya wa amarya tasoshi. Ya aiko mana cewa a zo a ɗauke shi saura kwana uku, kada mota ta ɓaci a hanya a ɗaura ba shi. Ƙanenmu da ke zaune tare da shi ya gaya mana cewa bayan kowace salla sai ya ji shi yana roƙon Allah Ya ara masa kwana ya ga wannan rana.

Mu kuwa a nan birni muna can muna wani lissafi dabam. Akwai wani abokin karatunmu da Allah Ya ɗaukaka ya zama babban mutum. Abokai suka ba mu shawara mu ba shi waliccin yarinyar, wai taron zai yi armashi, dangin ango kuma su san gidan da suka nemi aure. Zuciya ta karɓi shawarar tun kafin hankali ya auna ta. Da muka sanar da tsohon, sai ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To Malam, Allah Ya sa alheri." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, mu ma ba mu nemi ƙari ba, domin mun san abin da za mu ji in mun nema.

Abin da ya faru a masallaci

An sa ɗaurin aure ƙarfe 11 na safiyar Asabar. Tun ƙarfe 10 tsohon ya sa aka kai shi masallaci, ya zauna a sahun gaba kusa da liman, da sabuwar rigarsa da rawaninsa. Ana tsakiyar zafin bazara, ga shi babu wutar lantarki. Ƙarfe 11 ta yi, 12 ta wuce, babban baƙo bai iso ba. Muna ta kai da kawowa a waje muna buga waya, ba mu tuna cewa akwai wanda ya fi awa biyu a zaune bai sha ko ruwa ba.

Ana gab da kiran azahar sai ga jerin motoci. 'Yan rakiya suka riga shi shiga suna gyara wuri. Wani saurayi daga cikinsu, wanda bai san kowa ba, ya dafa kafaɗar tsohon ya ce, "Baba, ɗan matsa baya." Tsohon ya jawo sandarsa ya koma sahu na biyu. Muna tsaye muna gani. Muka ce a ranmu bari a gama tukuna, kada a ta da hayaniya a gaban baƙi.

Wakilin ango ya nemi aure, aka faɗi sadaki, aka miƙa. Liman ya juya wajen waliyyi ya tambayi sunan yarinyar da za a ɗaura wa aure. Bawan Allah nan ya buɗe baki ya ce Ummi, domin shi ne sunan da ya taɓa ji. Liman ya ce sunan yanka ake nufi. Sai ya waiwayo yana dubanmu. Mu kuwa harshenmu ya yi nauyi, gama sunan mahaifiyarmu ne, ba mu saba kama shi ba. Masallaci ya yi tsit. Can daga sahu na biyu sai muka ji muryar tsohon, tana rawa, ya faɗi sunan. Tun muna yara ba mu taɓa jin wannan suna a bakinsa ba, ko tana raye ko bayan rasuwarta, sai ran nan. Waliyyi ya maimaita abin da ya ji, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, jama'a suka ruɗe da gaisawa da babban baƙo. Da muka kutsa muka isa wurin tsohon, muka tarar yana share ido da bakin rawaninsa.

Matsayin kaka a shari'a

Kada wani ya fahimci cewa auren bai ɗauru ba. Ya ɗauru. A mazhabar Imamu Malik uba yana da ikon wakilta wani namiji Musulmi, baligi, mai hankali, wanda ba ya cikin harami, ya ɗaura wa 'yarsa aure. Haka kuma kaka ba shi ne kan gaba a jerin waliyyai ba. Jerin da Shaihu Halil ya kawo a Muhtasar ya fara da ɗan mace in tana da shi, sai ɗan ɗanta, sai uba, sai ɗan'uwa, sai ɗan ɗan'uwa, sa'an nan kaka na wajen uba, sa'an nan baffa. Shafi'awa ne suka sa kaka daf da uba, har suka ba shi irin ikon uba in babu uban. Kakan wajen uwa kuwa ba ya cikin waliyyan nasaba, domin ba ya cikin asaba. Saboda haka in alƙali aka kai wa ƙararmu, ba zai same mu da laifi ba.

Amma fa ingancin ɗauri abu ɗaya ne, bin iyaye kuma wani abu ne, kowanne da tambayar da za a yi wa bawa a kansa. Tun da shari'a ta bar mana zaɓin wanda za mu wakilta, to, zaɓin da muka yi shi ya nuna wanda muka fi girmamawa. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i sun keɓe lokacin tsufan iyaye da ambato, suka hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa, suka yi umurni da ƙanƙan da kai gare su. Malamai sun ce kakanni suna shiga cikin wannan umurni. In kalmar ƙosawa haramun ce, ina ga a tashe shi daga sahun gaba ɗansa yana kallo?

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wasu sahabbai uku sun zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan maganar ɗan'uwansu da aka kashe a Haibara. Ƙaraminsu, Abdurrahman ɗan Sahlu, ya fara magana, alhali shi ne ɗan'uwan mamacin na jini, sai Annabi ya umurce shi ya bar babba ya fara. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hadisin da ya sanya girmama Musulmi mai furfura a cikin girmama Allah. Mun karantar da waɗannan hadisai ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ran nan kuwa ko ɗaya bai faɗo mana a rai ba.

Shari'a ba ta ɗauki kaka bare ba a kan jika. Aure ya haramta tsakaninsu har abada, kamar yadda ya haramta tsakanin uba da 'ya. In babu uba kaka yana gadon jikansa. Kaka mace tana da sudusi in babu uwa, kuma Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda Sayyidina Abubakar ya zartar da haka bayan Mugira ɗan Shu'uba da Muhammadu ɗan Maslama sun shaida cewa Annabi ya ba ta. A babin reno kuma, in uwa ta faɗi daga haƙƙinta, uwar uwa ce ke biye, renon 'ya mace kuwa a mazhabarmu ba ya ƙarewa sai mijinta ya tare da ita. Watau wadda shari'a ta amince ta riƙe yarinya har ɗakin miji, ita ce yau ake tsayarwa a ƙofar ɗakin taro ana tambayarta katin gayyata.

Ni'imar da ba kowa ke samu ba

A aya ta 72 ta Suratun Nahli, Allah Ya ambaci jikoki tare da matan aure da 'ya'ya a cikin ni'imomin da Ya yi wa mutane. A aya ta 71 ta Suratu Hudu kuma, da mala'iku suka yi wa matar Annabi Ibrahimu bushara da Is'haƙu, sai aka haɗa mata da busharar Yaƙubu a bayansa, watau aka yi mata albishir da ɗa da jika a zama ɗaya. Ganin jika ke nan. Ganin auren jika kuwa ya fi wannan wuya.

Ku duba tarihin fiyayyen halitta. Kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, yana zaunar da shi a shimfiɗarsa a inuwar Ka'aba, amma ya rasu jikan yana da shekara 8. Sa'ad da aka ɗaura aurensa da Nana Hadiza yana ɗan shekara 25, baffansa Abu Ɗalibi ne ya tsaya. Shi kansa Annabi an san irin son da yake yi wa jikokinsa. Ya yi salla yana ɗauke da Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya sauko daga mumbari yana cikin huɗuba domin ya ɗauki Hasan da Husaini. Duk da haka ya yi wafati a shekara ta 11 bayan hijira, Hasan da aka haifa a shekara ta 3 bai wuce shekara 8 ba, Husaini kuma yana bin bayansa da shekara ɗaya. Bai halarci ɗaurin auren ko ɗaya daga cikin jikokinsa ba. Tirmizi ya ruwaito cewa yawancin shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ne ke wucewa. To, wanda Allah Ya bar masa tsohonsa har ranar auren 'yarsa, an ba gidansa abin da ba a ba gidaje da yawa ba, ya kamata a ga alamar godiya a yadda ya tsara taronsa.

Daren kai amarya

Bayan sallar isha'i, kafin a kai amarya, mata suka kawo ta ɗakin da aka sauki tsohon domin sallama. Ta durƙusa a gabansa lulluɓe tana kuka. Muna daga bakin ƙofa. Ya ce, "Ashe da gaske guduwa za ki yi ki bar ni? To, ki gaya wa yaron nan ban yafe ba sai ya biya ni goron da na kashe." Ta yi dariya cikin kuka, matan ma suka yi. Sa'an nan ya jawo jakarsa ya fito da wani ɗan ƙaramin allo da ya yi baƙi don tsufa, wanda ya rubuta mata tana 'yar shekara huɗu, da carbin kakarta. Ya ce ya ajiye su ne domin wannan dare. Nasiharsa ba ta da tsawo. Ya ce ta riƙe salla a kan lokaci, ta riƙe sirrin mijinta, in ranta ya ɓaci kada ta yi magana sai ta yi alwala. Ya ce mai sunanta ta zauna da shi shekara arba'in da wani abu, sun yi arziki sun yi tsiya, maƙwabci bai taɓa sanin wanne suke ciki ba. Ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a mai tsawo, muryarsa ba ta fita sosai.

Da aka tafi da ita gida ya yi shiru, muka shiga muka zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, muka ce, "Baba, mun yi kuskure, a yafe mana." Ya ce, "Malam, ai ni ban riƙe ka ba. Mutumin nan ma ba shi da laifi, kiransa aka yi ya zo." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce abin da ya sa shi hawaye a masallaci ba tashin da aka yi masa ba ne. Ya ce yana zaune yana duban jama'a, sai ya shiga lissafin waɗanda suka halarci nasa ɗaurin auren, da limamin, da wakilai, da abokan ango, da wanda ya raba goro, bai sami ko mutum ɗaya da ya rage ba sai shi. Da aka zo neman suna kuma aka rasa mai faɗi, sai ya ga ashe mai sunan ma saura kaɗan a manta da ita a gidan ɗanta. Ya ce, "Na so a ce ni na ba da ita, don in na je in gaya wa kakarta cewa da hannuna na miƙa. Amma na gani da idona, wannan ma Alhamdu lillahi."

Ba mu sami abin cewa ba. A daren nan muka gane cewa mu masu aurarwa taro muke gani, da baƙi, da abin da za a ce gobe. Tsoho kuwa yana zaune ne tsakanin waɗanda suka tafi da waɗanda za su zo, ya san da wuya ya ga wani auren bayan wannan, don haka kowane abu ƙarami na ranar yana da nauyi a wurinsa.

Abin da muke roƙon masu karatu

Ya ɗan'uwa ɗan kasuwa, ya ɗan'uwa ma'aikaci, in Allah Ya kawo auren 'yarka alhali mahaifinka yana raye da hankalinsa, kai masa waliccin tun kafin ka kai wa kowa. In ya ce a ba baffanta ko wani, to, daga bakinsa ya fito. Babban mutum in ya zo ya zauna a matsayin mai shaida, wannan ma girma ne, mai mutunci kuma ba zai ji haushi don an gabatar da tsoho a kansa ba.

A tsayar da lokaci a cika shi, domin jiran awa biyu da saurayi zai ɗauka wasa, ga mai ciwon gwiwa ko ciwon sukari azaba ce. A keɓe jika ɗaya mai natsuwa wanda ba shi da wani aiki ran nan sai kula da kakansa: ruwan sha, da inuwa, da wurin alwala, da abincin da haƙorinsa zai iya, da maganinsa a kan lokaci. A gaya wa masu gyaran sahu ko wane ne shi tun kafin baƙi su iso.

A wajen mata kuma, ku ja kunnen iyalinku. Ana kashe dukiya a kan anko da ɗakin taro da masu hoto, kakar amarya tana can gefe kusa da lasifika, ba ta jin kowa, ba mai jin ta. In an san taron ba irin nata ba ne, to, a shirya mata zama a gida inda amarya da ƙawayenta za su zo su durƙusa su karɓi addu'a ba cikin gaggawa ba. A kai ango ma ya gaishe ta. Kakan da rashin lafiya ya hana shi zuwa kuwa, a je masa kafin biki, a koma masa bayan biki, kada a wadatu da tura masa hoto a waya. Walimar da Annabi ya umurci Abdurrahman ɗan Aufu ya yi, ko da da akuya ɗaya ce, ba ta bukatar rabin abin da muke kashewa, kuma an zargi walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Sau da yawa tsofaffin danginmu na ƙauye su ne matalautan da ake bari.

Kakanni ma muna da roƙo gare su, cikin ladabi. Wani lokaci daga wajensu ake samun matsin gara da kayan ɗaki da ya fi ƙarfin uba, har ya ci bashin da zai yi shekaru yana biya, wai kada a raina gida. Maganarsu tana da nauyi, in suka ce a sauƙaƙa za a sauƙaƙa. Su yi amfani da wannan nauyi wajen rage wa 'ya'yansu kaya.

Tsohonmu ya koma ƙauye bayan kwana biyu. Da za a sa shi a mota ya ce a gaya wa amarya yana jiran tattaɓa kunne, in an samu kuma shi zai yi masa huɗuba. Mun yi masa alkawari cewa in Allah Ya kai mu, ba mai karɓar wannan aiki daga hannunsa. Muna roƙon masu karatu su taya mu addu'a Allah Ya ba mu ikon cikawa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suka rage, Ya sanya albarka a auren 'ya'yan Musulmi baki ɗaya. In Allah Ya yarda mako mai zuwa za mu koma kan bayanin zakka daga inda muka tsaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.